Shekara 17 A Cikin 'Yan'uwa: Abin Da Ya Shigar Da Ni Da Abin Da Ya Fitar Da Ni

Kwanakin baya wani dattijo daga ƙasar Kudan, wanda yake kawu ne a gare ni, ya yi sammako ya iske ni a gida tun kafin in fita wurin aiki. Bayan mun gaisa, an kawo masa koko da ƙosai ya ce ya ƙoshi, sai ya gyara zama ya ce, "Yaro, ƙanenka ya shiga Shi'a. Na yi faɗa, na yi zagi, na haɗa shi da malamai, amma kamar ana zuga shi. Yanzu na yanke shawarar in kore shi daga gidana, in sallama wa duniya shi. Sai aka tuna mini cewa kai ka shiga ka fito, shi ya sa na ce bari in ji ta bakinka kafin in aikata." Na roƙe shi ya ba ni kwana biyu in yi tunani. Amsar da na kai masa ita ce na ga ya dace in shimfiɗa a wannan fili, domin na tabbata ba shi kaɗai ba ne uban da ke kwana da irin wannan baƙin ciki a Arewa.

Tun da fari, bari in sanar da mai karatu matsayina. Ni ba malamin addini ba ne, malamin kimiyyar harshe ne, don haka ban zo yin muƙabala a kan aƙida ba. Wannan fage yana da masu shi. Na kuma san abin da zai biyo bayan wannan rubutu. Waɗanda na baro za su ce an saye ni, wasu daga cikin waɗanda na dawo wa kuma za su ce taƙiyya nake yi, har yanzu ina ciki. Duka biyun na sha jin su, sun daina hana ni barci. Abin da nake da shi kawai shi ne shaidar ido ta shekara 17, daga 1996 zuwa 2013, kuma Bahaushe ya ce gani ya kori ji.

Abin da jama'a ke kira Shi'a a ƙasar Zazzau, su masu abin suna kiransa Harkar Musulunci, suna kuma kiran junansu 'yan'uwa. Tushen Harkar yana Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda Malam Ibrahim Yaƙubu El-Zakzaky ya karanta ilmin tattalin arziki a ƙarshen shekarun 1970, yana cikin jagororin Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi. Juyin juya halin Iran na 1979 ya ƙara musu ƙaimi, sannan a watan Mayun 1980 Malam ya yi jawabin nan da ake kira Shelar Funtuwa, inda ya bayyana cewa ya raba gari da tsarin mulkin Nijeriya. A shekarun farko ba da sunan Shi'a ake yin kiran ba. Sai a wajen 1994, da al'amarin ya fito fili, wasu manyan almajiransa suka ɓalle suka kafa Jama'atut Tajdidil Islamiy a Kano.

Ni kuwa lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta kama Malam a watan Satumban 1996, ina ɗan shekara 15 a wata makarantar sakandare ta kwana. Mahaifina manomin rake ne a wani ƙauye na ƙasar Maƙarfi, ɗan ɗariƙar Tijjaniyya wanda ban taɓa ganin ya yi fashin wazifa ba. Duk wanda ya yi makarantar kwana a wancan zamani ya san matsayin ƙaramin ɗalibi ɗan talaka: shi ne mai ɗebo ruwa, shi ne mai wanki, shi ake ƙwace wa gari da ƙuli-ƙuli, kuma ba shi da suna sai "kai yaro". A cikin wannan hali ne wani babban ɗalibi ya iske ni a bakin famfo, ya ɗauki bokitinsa da kansa maimakon ya ɗora mini, ya yi mini cikakkiyar sallama, ya kira ni "ɗan'uwa". Ina roƙon mai karatu kada ya raina wannan kalma. Ranar ce ta farko da wani wanda ya fi ni ƙarfi ya yi mini magana kamar tsaransa.

Daren Juma'ar da ta biyo baya ya gayyace ni wani zama a bayan masallacin makaranta, aka miƙo mini jaridar Almizan aka ce in karanta wa 'yan'uwa da ƙarfi. Na karanta muryata na rawa, da na gama aka yi mini kabbara. Ba don na fahimci bambancin Shi'a da Sunna na koma zama na biyu ba, domin a lokacin ko sunayen Imamai goma sha biyu ban sani ba. Na koma ne saboda can kaɗai ake sauraron muryata. Wannan ita ce gaskiya ta farko da nake so iyaye da hukuma su riƙe: yawancin samarin da na ga shigarsu, mutunci ne ya shigar da su kafin littafi. Aƙida daga baya take zuwa, ta iske mutum ya riga ya yi gida.

Zalunci ne in ɓoye alherin da na gani. Shekarar da rake ya yi kwantai, kuɗin jarrabawar fita sakandare ya gagari mahaifina, 'yan'uwa ne suka yi karo-karo suka biya mini, kuma babu wanda ya taɓa yi mini gori. Na ga yadda ake ɗaukar nauyin marayun waɗanda aka kashe. Na ga makarantun Fudiyya suna koyar da 'ya'ya mata boko da addini a garuruwan da ake cire yarinya daga aji tun ba ta iya rubuta wasiƙa ba. Na ga likita da mai gyaran keke sun ci tuwo a kwano ɗaya, kowa na kiran kowa da suna guda. Idan ɗan'uwa ya kwanta asibiti a Zariya, kafin danginsa su iso daga Ikara ko Hunƙuyi an riga an ba da jini, an sayi magani. Ban ga shaye-shaye ba, ban ga bangar siyasa ba, kuma duk tsawon zamana ban ga an miƙa wa kowa bindiga ba. Abin da idona ya gani ke nan, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba.

To, in haka ne, me ya fitar da ni? A nan ne sana'ata ta shigo. Mu masu nazarin harshe mun san cewa kowace jama'a da ta keɓe kanta takan samar da kalmominta, kamar yadda mahauta da 'yan koli da 'yan kamasho suke da nasu. Irin waɗannan kalmomi aiki biyu suke yi a lokaci guda: suna haɗa na ciki, suna kuma katange na waje. Mu ma muna da namu. Gwamnati, tun daga shugaban ƙasa har kansila, sunanta "ɗagutu". Nisantar tsarinta shi ne "bara'a". Jerin gwano "muzahara" ne, arangama da jami'an tsaro "waƙi'a", wanda ya mutu a cikinta kuma "shahidi". Ɓallewar da aka yi a 1994 kuwa an raɗa mata suna "tawayiya", wato an ɗauko kalmar Hausa ta tawaye aka liƙa mata wutsiyar Larabci, ta koma tamkar sunan wata ɓatacciyar ƙungiya daga littattafan tarihi.

Illar irin waɗannan kalmomi ita ce kowacce tana zuwa da hukuncinta a goye. Idan ka saba kiran ɗan sanda ma'aikacin ɗagutu, ka gama shari'arsa tun kafin ya buɗe baki, ka kuma manta cewa ɗan maƙwabcinku ne da ke neman abin da zai ciyar da iyali. Idan kowace arangama waƙi'a ce, to babu sauran damar a zauna a tambaya ko akwai kuskure daga ɓangarenmu wanda da an kauce masa da ba a rasa rai ba. Idan kuwa sunan saɓani tawaye, wa zai yarda ya zama na farkon ɗaga hannu? Babu wanda ya taɓa ce mini kada in yi tunani. Kalmomin da zan yi tunanin da su ne aka zaɓa mini, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu, domin da su aka karɓe ni.

Wanda wannan sabon harshe nawa ya fara sara shi ne mahaifina. Da azumi, in an kira magariba kowa ya kai hannu ga kunu, ni sai in koma gefe ina jiran duhu ya shiga, ƙannena suna kallona. Na daina raka shi zawiyya. Wata rana har na buɗe baki na ce masa hakiman da yake cire wa takalmi 'yan amshin shatan ɗagutu ne. Bai tanka ba. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, kuma wannan kunya ta hana shi cacar baki da ni. Daga baya na ji cewa abokan hirarsa sun matsa masa ya kore ni, wani ma ya ce cin abinci da ni bai halatta ba. Amsarsa guda ce a kullum, cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Duk kaka sai ya aiko mini da buhun masara da mazarƙwaila har Zariya, bai yi fashin shekara ko ɗaya ba.

Shakka ta fara shiga zuciyata ne ta ƙofar da ban zata ba. A 2003, lokacin da ɗan ƙasarmu Alhaji Ahmed Mohammed Maƙarfi ya nemi zarcewa a kujerar gwamnan Jihar Kaduna, ban yanki katin zaɓe ba, ina ma yi wa masu bin layi kallon ɓatattu. Amma mutanen ƙauyenmu da ƙuri'ar nan suke ciniki da 'yan siyasa: a ba mu taki, a gyara mana hanyar fitar da rake, a haƙa mana rijiyar burtsatse. Wani abin sukan samu, wani a yaudare su, amma dai suna da abin riƙewa a hannu. Ni da na fi su karatu, abin da nake da shi kawai shi ne albishir da wata daula wadda ba a sa wa zuwanta rana ba, alhali manomin tumatir na Ikara da kwandunansa ke ruɓewa a bakin titi ba zai iya jira ba. Daga baya kuma na samu aikin koyarwa a jami'ar gwamnati, ina karɓar albashi duk ƙarshen wata daga baitulmalin da nake kira na ɗagutu, ina zuwa taro ƙasashen waje da fasfo mai tambarinsa. Akwai bayanan da ake yi mana don warware wannan tufka, amma ni ba su taɓa kwantar mini da hankali ba.

Abin da ya ƙarasa ni ya faru ne a ƙarshen 2013, a tattakin Arba'in. Tattaki tafiya ce a ƙasa da ake yi don tunawa da cika kwana arba'in da kisan Imam Husaini, jikan Manzon Allah (SAW), a Karbala. A wancan lokaci ayari-ayari ake tasowa daga sassa daban-daban a nufi Zariya, kuma ayarin Kano, mai ɗaukar kusan mako guda a hanya, ta ƙasarmu yake ratsawa. Wanda bai taɓa shiga wannan sahu ba ba zai san daɗinsa ba. Dubban mutane cikin baƙaƙen kaya, ga tsoho da sanda ga jariri a goye, ƙafa ta kumbura amma zuciya fes, mutanen ƙauyuka kuma, har waɗanda ba 'yan Harka ba, suna miƙo ruwa da rake. A irin waɗannan ranaku mutum yakan ji kamar duniya ta daidaita.

To amma mun kame hannu ɗaya na babbar hanyar Kano zuwa Zariya, motoci masu zuwa da masu komawa duk sun cunkushe a ɗaya hannun. A daidai Tashar Yari, ina cikin masu kula da sahu, sai wani direban ƙaramar mota ya fito yana roƙon a bar shi ya ratsa ta gefenmu, domin yana ɗauke da mace mai naƙuda. Ni da bakina na ce masa ya yi haƙuri, ba a karya sahu sai da izini daga gaba. Dattijo ne sa'ar mahaifina. Ya dube ni ya ce, "Malam, shi Imam Husainin ne ya ce ku tare wa mai haihuwa hanya?" Na laluba cikin dukkan kalmomin da na tara a shekara 17, ban samu wadda zan ba shi amsa da ita ba. Sai bayan kusan rabin sa'a aka buɗe masa ya wuce. Ban sake ganin motar ba, kuma har yau ina neman gafarar Allah a kan wannan rabin sa'a.

Da muka dawo na ɗaga maganar a zamanmu. Na ce hanya ta kowa ce, kuma talakawan da muke cewa dominsu muke gwagwarmaya su ne muke wahalarwa, suna kallonmu suna ƙullatarmu a zuci. Ba a zage ni ba, ba a kore ni ba, babu kuma wanda ya yi mini barazana. Wajibi ne in faɗi haka saboda masu yaɗa cewa duk wanda ya fita farautarsa ake yi. Ni dai ban ga haka ba. Wani kawai ya yi murmushi ya ce boko ya fara yi mini yawa. Bayan 'yan makonni sai na lura da wani abu wanda wataƙila sai mai irin sana'ata zai kula da shi: mutanen da suka shekara 17 suna kirana ɗan'uwa sun koma kirana "Dokta". A baki girmamawa ce, amma ni na gane sallama ce.

Mai karatu, fita ba ƙaramin abu ba ce. Abokanka duka suna ciki, wanda ya karɓa maka aure yana ciki, mai kantin da ke ba ka bashi yana ciki, makarantar 'ya'yanka ta ciki ce. A waje kuwa babu mai jiranka da tabarma. A masallacin unguwa in na shiga sahu sai in ga na kusa da ni yana matsawa. Na yi watanni kamar jemage, ba ni cikin tsuntsaye ba ni cikin dabbobi. Na san mutanen da zuciyarsu ta daɗe da fita amma ƙafarsu ta kasa, domin ba su da inda za su. Ni abin da ya cece ni shi ne ina da inda zan je. Ranar da na isa ƙauye dab da magariba, na iske Baba zaune a zaure. Bai tambaye ni komai ba. Ya miƙo mini buta ya ce, "Yi maza, za a tayar." Muka tafi masallaci tare. Har Allah Ya karɓi ransa bai taɓa ce mini ai ya faɗa mini ba.

Ban daɗe da fita ba jini ya fara kwarara. Ranar 25 ga Yulin 2014, a muzaharar Ƙudus a Zariya, sojoji suka harbe fiye da mutum 30, ciki har da 'ya'yan Malam uku. Ranar 27 ga Nuwamban 2015 ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a cikin ayarin tattaki a Dakasoye, kusa da Kano, fiye da mutum 20 suka rasu, Boko Haram ta ce ita ta aikata. Mako biyu bayan haka, ranar 12 ga Disamba, aka tare wa ayarin Babban Hafsan Sojojin Ƙasa, Laftanar Janar Tukur Yusuf Buratai, hanya a kusa da Husainiyya, a kan titin Sakkwato da ke Zariya. Tare hanyar nan laifi ne, kuma ni da na taɓa tare hanya na fi kowa sanin haka. Amma abin da ya biyo baya daga ranar zuwa 14 ga wata ya wuce duk wani hukuncin tare hanya. Kwamitin binciken shari'a da Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa a ƙarƙashin Mai Shari'a Mohammed Lawal Garba ya tabbatar a 2016 cewa an kashe mutum 348, an kuma rasa soja ɗaya. Sakataren Gwamnatin Jihar da kansa ya shaida wa kwamitin cewa an binne gawa 347 a rami guda a Mando. An rushe Husainiyya, an rushe gidan Malam a Gyallesu, ya kuma sake rasa 'ya'ya uku.

A cikin waɗanda ba su dawo ba har da wanda ya fara kirana ɗan'uwa a bakin famfo. Na je gaisuwa a ƙauyensu da ke ƙasar Ikara. Mahaifiyarsa, wadda ba ta taɓa zama 'yar Harka ba, ba ta yi mini maganar soja ba, ba ta yi maganar Malam ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗan nan, da dai an nuna mini inda aka sa shi." A hanyar dawowa na tsaya shan mai, na ji wasu samari suna dariya suna cewa ai an yi maganinsu. Ranar nan na rasa wanne zan fi jin kunyarsa, inda na baro ko inda na dawo.

Ga abin da masu mulki ba su gane ba. Kafin Disamban 2015 na san mutum biyar da ke kan hanyar fita kamar yadda na fita, muna yawan tattaunawa da su. Bayan Disamba babu ko ɗaya da ya fita. Ɗaya daga cikinsu ya ce mini, "Yanzu in na fita, me zan ce wa marayun nan?" An shekara da shekaru ana gaya wa samari cewa hukuma ɗagutu ce mai shan jini, wasunmu suna ta ƙoƙarin nuna cewa abin bai kai haka ba, sai ga hukuma ta zo ta gaskata maganar da hannunta. Ramin Mando ya fi wa'azin shekara goma ɗaure mutane a cikin Harka. Tarihi ma ya sha nuna haka. Masar ta haramta ƙungiyar Ikhwanul Muslimun a 1954, ta rataye Sayyid Ƙuɗub a 1966, sai littattafansa suka ƙara bazuwa har mu ma muka karanta su a Zariya. A nan gida, kisan Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Yulin 2009 rura wutar Maiduguri ya yi. Ba daidaita ƙungiyoyin nan nake yi ba, domin adalci ne a faɗi cewa 'yan'uwa, duk da abin da aka yi musu, ba su shiga daji sun ɗauki makami ba. Darasin ne dai guda.

Bugu da ƙari, ita ma hukuma ta koma yin abin da nake kuka da shi a cikin Harka, wato yanke hukunci da kalma. Gwamnatin Kaduna ta haramta Harkar a Oktoban 2016. A Yulin 2019 kuma, bayan arangamar Abuja da ta ci rayukan masu zanga-zanga da na wani mataimakin kwamishinan 'yan sanda da wani matashin ɗan jarida, Babbar Kotun Tarayya ta ba gwamnati izinin ayyana ta a matsayin ƙungiyar ta'addanci. Alhali kuwa tun ranar 2 ga Disamban 2016 Mai Shari'a Gabriel Kolawole na wannan kotu ya ba da umarnin a saki Malam da mai ɗakinsa cikin kwana 45, aka yi kunnen uwar shegu da umarnin. Sai ranar 28 ga Yulin 2021, da Babbar Kotun Jihar Kaduna ta wanke su, suka shaƙi iskar 'yanci. Kwamitin Mai Shari'a Garba ya ɗora wa Harka laifin raina doka, ya kuma ba da shawarar a gurfanar da sojojin da ke da hannu a kisan. An ɗauki rabin farko an yi aiki da shi, rabi na biyu kuwa har yau ba mu ji an gurfanar da ko kurtu ɗaya ba. Yaya za ka koya wa yaro girmama doka alhali yana kallonka kana zaɓen wadda za ka bi?

Saboda haka kirana kashi uku ne. Ga hukuma, a aiwatar da rahoton nan gaba ɗayansa. A rubuta sunayen waɗanda ke kwance a Mando, a nuna wa iyayensu wurin, a biya diyya, a hukunta wanda ya wuce gona da iri. Wanda ya tare hanya a kai shi kotu, domin tare hanya yana da hukuncinsa a littafin doka, kuma harsashi ba ya cikinsa. Sannan a tuna cewa muddin ɗan talakan Maƙarfi da Kudan da Ikara bai samu wanda zai biya masa kuɗin jarrabawa ko ya ba uwarsa jini a asibiti ba sai a cikin wata ƙungiya, to ko an haramta ta sau goma zai je.

Ga malamanmu masu hawa mumbari, raddi na ilmi haƙƙinku ne, babu mai hana ku. Amma duk huɗubar da ta ce kada a gaisa da yaron nan, kada a ci abinci da shi, kada a je jana'izarsa, ƙofar dawowarsa take rufewa. Abin da muka gani a Oktoban 2016, lokacin da gungun matasa suka far wa gidaje da makarantun 'yan Shi'a a Tudun Wadan Kaduna da wasu garuruwa, bai dawo da mutum ko ɗaya cikin sahunku ba. Da mahaifina ya bi shawarar abokan hirarsa, da yau ba ni nake wannan rubutu ba.

Ga tsofaffin 'yan'uwana kuma, waɗanda har gobe nake ƙaunar da yawansu, ban ce ku bar aƙidarku ba. Sashe na 38 na tsarin mulkin nan da kuke wa bara'a ya ba ku 'yancin riƙe ta, kuma ga Mu'assasar Rasulul A'azam nan, 'yan Shi'a ne, suna karatunsu ba tare da sun ja daga da hukuma ba. Abin da nake roƙo shi ne ku dubi abu uku: haƙƙin mai wucewa a kan hanya, jinin yara da mata da ake fitarwa inda kowa ya san ana iya buɗe wuta, da kuma matsayin mai tambaya a cikinku. Duk tafiyar da ba ta da sunan da za ta kira mai saɓani da shi sai ɗan tawaye, ta hana kanta jin gyara, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ga abin da na gaya wa Kawu da na same shi a gida. Na ce, "Kawu, in ka kore shi yau, kafin dare ya samu ɗaki da tuwo da sababbin iyaye, kuma ka tabbatar masa da duk abin da aka gaya masa game da mutanen waje. Ka bar shi ya ci a kwanonka. Ka faɗa masa gaskiyarka sau ɗaya, a fili, ba da zagi ba. Abu guda za ka tsaya a kai da ikonka na uba, shi ne kada ya fita inda za a yi arangama. Ka sa shi cikin shawarar gona da ta gida, ya san yana da daraja a nan. Ban yi maka alkawarin zai fito ba, domin zukata a hannun Allah suke; wataƙila ma ya zauna a kan abin da ya zaɓa har ƙarshen ransa, kuma ko a haka ɗanka ne. Amma in ranar tambayarsa ta zo, kamar yadda tawa ta iske ni a Tashar Yari, to ya zamana ya san hanyar gida." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce zai gwada zuwa kaka ya gani.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu ta kowane ɓangare, Ya jiƙan mahaifina da sauran iyayenmu, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, mu kuma Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta. Amin.